Ranar da aka canja allon asibitinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na dade ina son rubuta wannan labarin amma kullum sai ince wa zai damu da zancen takardun asibiti, to shekaranjiya wani kanina ya kirani daga Kano yana cewa Yaya ai ku kun huta, kuna kasar da asibiti yake kamar otal, na yi dariya kawai nace masa zan rubuto maka amsa. To ga amsar, kuma na kowa ce, musamman wanda yake shirin tahowa Amurka da iyali.

Ni a Kantin Kwari na tashi, shagon mahaifinmu Allah ya jikansa na atamfa ne da shadda, tun ina firamare nake zuwa bayan an tashi ina ninke kaya. Abinda na fara sani a duniya shine ciniki. Mutum yazo ya taya kace albarka, ya juya zai tafi ka kirashi, saboda kasan taku biyar zai yi ya samu irin kayan nan a shagon makoci. Baba yana yawan cewa abinda yake rike farashi a kasuwa kafar mai saye ce, in dai zai iya tafiya to dole ka sauko. Ban taba tunanin maganar nan zata dawo min a kasar Turawa ina rike da takardar likita ba.

Na shigo 2012 ta lotirin biza, lokacin ba a cire Najeriya daga ciki ba. Na sauka wani matsakaicin gari da bazan fadi sunansa ba, na samu aiki a kamfanin da ke hada kayan mota, aikin yana da inshorar lafiya, ana yankar wani abu a albashina duk sati biyu kamfani ya cika sauran. A lokacin asibitoci uku ne a garin. Akwai babba a tsakiyar gari mai benaye da wajen saukar jirgi mai ungulu, akwai karami a gefenmu wanda wasu mata 'yan coci suka kafa tun da dadewa, sai na uku can bakin babban titi na wani kamfani ne da ake sayar da hannun jarinsa a kasuwa. Da aka ce min babban da karamin duk nonfurofit ne, wato ba riba suke nema ba, sai na dauka na gane komai, nace to wadannan sune kamar asibitin mishan irin na ido da ke Sabon Gari, wancan na ukun kuma shine asibitin kudi, in guje shi. Haka na tsara abin a kaina kamar yadda muka sani a gida, na gwamnati irinsu Murtala da asibitin Malam ga layi ga sauki, na kudi ga sauri ga tsada, na mishan a tsakiya. Ashe ma'aunin gida na dauko nazo ina auna abinda ba irinsa ba. A nan wajen rabin asibitoci nonfurofit ne, kuma abinda kalmar take nufi kawai shine babu masu hannun jari da za a rabawa riba kuma an yafe musu haraji, amma rarar kudi suna samu sosai, su gina sabon bene, su biya shugabanninsu albashi mai kauri, su sayi wani asibitin.

Maidakina ta iso 2015, muka samu 'yar fari 2016 a karamin asibitin nan. Minti bakwai ne daga gidanmu. Nas din da ta karbi haihuwar tsohuwa ce mai kirki, da maman yara tace bata son namiji ya shigo sai in dole, ba musu suka rubuta a kofa. Abinda ya fado kanmu bayan inshora ta biya nata bai kai dala 2,000 ba, na biya a wata hudu na manta.

Sai 2018 muka ga labari a talabijin din gari wai babban asibitin da karamin sun zama daya. An yi biki da balan-balan, shugabannin suna gaisawa, suna cewa hadewar zata rage kashe kudi ta kara inganci, marasa lafiya ne zasu ci moriya. Gaskiya kuma in fadi tsakanina da Allah, karamin yana cikin matsi a lokacin, ana ta rade-radin za a rufe shi, to mu har murna muka yi, da babu gara ba dadi. Cikin wata biyu aka sauke tsohon allon aka dora sabo mai shudi. Abinda bamu lura dashi ba shine ba asibitin kadai suka hadiye ba, a hankali shudin allon nan ya rika bullowa a kananan dakunan likitoci na unguwa, na yara, na kashi, na zuciya, wajen gwajin jini, kamar dai mutum daya ya bi layi guda a Kwari yana sayen shaguna daya bayan daya yana barin yaran shagon a ciki don kada a gane.

Ni ina da hawan jini, duk wata shida nake ganin likitana. Wani dattijo ne dan Indiya, ofishinsa a wani karamin gini kusa da shagon wanki. Shekaru ina zuwa, in biya dala 30 a kanta shikenan. Farkon 2019 naje kamar kullum, shi ne dai, kujerar nan ce dai mai yagaggen hannu, ya daura min abin awo yace in rage gishiri da kilishin da ake aiko min, minti goma sha biyar na fito. Bayan sati uku wasiku biyu suka zo. Na farko kudin likita, na gane wannan. Na biyu daga asibiti, dala 212, wai kudin gini. Nace wane gini kuma, ni da ban taka asibiti ba. Na dauka kuskure ne na kira lambar da ke jiki, bayan na sha kida a waya kusan rabin awa wata mata ta dauka, cikin ladabi tace min tunda asibiti ya sayi ofishin likitan, yanzu a doka ofishin wani sashe ne na asibitin, to duk wanda ya shiga sai ya biya kudin wuri daban kudin likita daban. Nace baiwar Allah, dakin nan ko fenti ba a sake masa ba. Tace ta fahimci damuwata. Nace to a rage min, dan Kwari ne ni dole in taya. Tace ba a ragewa amma zata iya raba min biyan kashi-kashi. Wallahi da na ajiye wayar sai da na zauna shiru, saboda a rayuwata ban taba sayen abu ba sai bayan na ji kudinsa, ko a asibitin kudi a Kano ai sai an fada maka ka biya kafin a taba ka, mu muna ganin wannan rashin tausayi ne kuma rashin tausayin ne, amma ko ba komai kasan nawa ne, kana iya daukar mara lafiyarka ka kara gaba.

Nace to zan canja likita. Na bude littafin inshora na fara kira, na farko nasu ne, na biyu nasu ne, na uku yace baya daukar sababbi, na hudu nasu ne. Nan maganar Baba ta fado min, an daure min kafa.

Karshen shekarar kamfaninmu ya tara mu a dakin cin abinci don bayanin inshorar shekara mai zuwa. Abinda ake yanka ya karu, sannan didaktabul, wato kudin da sai ka fara biya daga aljihunka kafin inshora ta sa hannu, an daga shi daga 1,500 zuwa 3,000 ga mai iyali. Wani Bature abokin aikina mai zafin kai ya mike yace me yasa baza ku canja kamfanin inshora ba. Amsar da matar ofis ta bashi ita ta bude min ido. Tace duk kamfanin inshorar da muka je labarin daya ne, da can in babban asibiti ya tsawwala kudi sai inshora tace to zamu tura mutanenmu karamin, dole ya sauko, yanzu kuwa wa zasu tura wa? Babu inshorar da zata sayu a garin nan in babu asibitin nan a cikinta, kuma sun ce ko a dauke su gaba daya da duk rassansu a farashin da suka yanka ko a bar su gaba daya. Wato ciniki ana yinsa, amma can sama tsakanin asibiti da inshora, mu sakamako kawai muke gani a takardar albashi. Har karin albashin da muke jira shekarar bai zo yadda muka sa rai ba, tace kudin ya tafi inshora.

Daga baya na gano irin wannan a dauka duka ko a bari shine ainihin abinda aka kai karar wani rukunin asibitoci mai suna Sutter Health a kai a arewacin Kalifoniya, shima nonfurofit ne, karshe a 2019 ya yarda zai biya dala miliyan 575 a sasanta duk da bai amsa laifi ba. To ba a garinmu aka fara ba.

Wanda ya koya min sauran karatun wani dan uwa ne dan zangon Kumasi da muke haduwa a masallacin Juma'a, yana aikin lissafin takardun marasa lafiya a wani gari kusa damu. 2021 bayana ya rike, daukar kaya a wajen aiki, har bana iya ruku'u sosai, likita yace sai anyi hoton MRI kuma tun kafin in fita ofishin har sun sa min rana a asibitinsu. Na fadawa mutumin nan bayan sallah, ya rike min hannu yace Malam kada ka je tukuna, kazo gida da kwamfutarka. Ashe tun 1 ga Janairun 2021 gwamnatin tarayya ta wajabta wa asibitoci su wallafa farashinsu a intanet har da abinda suka daidaita da kowace inshora. Sun wallafa din amma a wani irin fayil da in ba dan irinsa ba babu mai iya budewa, layi dubbai. Ya nemo lambar hoton bayan nawa ya nuna min. Kai jama'a. Hoto daya, na'ura daya, inshora kaza tana biyan kaza, wata tana biyan kusan ninkinsa, Medicare ta gwamnati wadda ke kula da 'yan shekara 65 zuwa sama tana biyan dan kadan, inshorata kuma an yanka mata sama da dala 2,300, kuma tunda ban cike didaktabul ba duk a kaina zai fado. Sai ya kira wani wajen daukar hoto mai zaman kansa a garinsu, tafiyar minti hamsin, suka ce 480 in zan biya a take. Na sa ya sake tambaya don ban yarda ba. Ranar Asabar na tuka mota da ciwon bayana naje aka dauka, suka bani faifai na kawo wa likita, ya duba bai ce hoton yana da wani aibu ba.

Shi ya fada min akwai masu bincike da suka dade suna bin abin nan. Wani malami a jami'ar Yale, Zack Cooper, da abokan aikinsa sun duba takardun inshora na miliyoyin mutane suka ga asibitin da yake shi kadai a yankinsa farashinsa ya fi na inda ake da hudu ko fiye da kusan kashi 12 cikin dari, kuma in asibitoci biyu da basu fi mil biyar tsakaninsu ba suka hade farashi yana tashi da sama da kashi 6. Namu biyun mil hudu ne tsakani, na auna da mota don haushi. Cibiyar RAND kuma ta lissafa cewa a 2022 inshorar ma'aikata irin tamu tana biyan asibitoci kashi 254 cikin dari na abinda Medicare zata biya a kan aiki iri daya, wato ninki biyu da rabi. Nace masa to ina hukuma? Yace akwai FTC mai hana babakere, tana kai wasu kotu tana kuma cin nasara wani lokacin, amma hade-haden sun yi yawa, kuma sayen kananan ofisoshin likitoci daya-daya yawanci ko rahotonsa baya kaiwa gareta saboda kudin cinikin bai kai ma'aunin da doka ta sa ba. Nace to wani mai kudin ya zo ya bude sabo mana, a Kwari in layi yayi tsada gobe zaka ga wani ya kafa tebur. Ya yi dariya yace a jihohi da yawa sai ka samu takardar izini da ke nuna garin yana bukatar sabon asibiti, kuma wanda yake wurin yana da damar zuwa yace ba a bukata.

Haihuwa ta biyu ita ce ta fi taba ni. 2022 ne, cikin sanyi. Shekara daya kafin nan sun rufe dakin haihuwa na karamin asibitin, wai an hade shi da na babban don a kara inganci, tsohuwar nas din nan ma ta yi ritaya. Nakuda ta tashi karfe biyun dare ga kankara a titi, tafiyar da da minti bakwai ce ta zama kusan ashirin da biyar, maman yara tana baya tana salati tana cewa Abban yara ka taka mana, ni kuma ina tsoron santsi. Alhamdulillahi mun isa lafiya ta sauka lafiya, namiji. Kuma bazan zalunce su ba, dakin yana da kyau, akwai sashen jarirai na musamman da karamin bashi da shi, da yaron yazo da matsala da nan ne ya dace mu kasance. Amma haihuwa ce lafiya lau irin ta farko, kwana biyu muka fito, abinda ya fado kanmu dala 4,700 da 'yan kai, a takardu biyar daban-daban da suka rika zuwa kamar an bude famfo. Nasan wani zai ce ai inshorarka ce ta canja shi yasa, gaskiya ne, amma me ya canja inshorar?

A nan ne kuma nonfurofit din da nake ta zagi ya yi min rana, shi yasa nace abin ba a mike yake ba. Dan Kumasin nan yace dokar lafiya ta 2010 ta Obama ta wajabta wa duk asibitin da aka yafe wa haraji ya kasance yana da rubutaccen tsarin sassauci ga masu karamin karfi, kuma kana da kwana 240 daga takardar farko ka nema, ko kana da inshora zaka iya gwadawa. Babu wanda ya fada mana wannan da baki a asibitin, yana can bayan takarda da kananan rubutu. Na cike fom, na hada takardun albashi da na haraji, suka ce wata ta bata na sake aikawa, bayan wata biyu suka yafe kashi 40 na bangaren asibitin saboda mu hudu ne a albashi daya lokacin. Na gode Allah, amma na tuna mutanenmu nawa ne a masallacin nan da basa jin Turanci sosai, takarda tazo su tsorata su ciwo bashi su biya, ko su boye ta a durowa har a mika su ga masu karbar bashi.

Kada kuma wani ya dauka na kamfanin shine mafita. Na ukun nan na bakin titi, da suka ga babban ya daga farashi su ma basu tsaya a kasa ba, sun bi sahu, dama ba sadaka suka zo yi ba, kuma su sun fi son aikin da ke kawo kudi irin tiyatar gwiwa da ta zuciya, dakin haihuwa ko tabin hankali baka ganinsu a wurinsu. An sayar dashi sau biyu tun zuwana. Duk wanda ya bi labarin rukunin asibitocin Steward Health Care yasan inda irin wannan take iya kaiwa, kamfanin masu zuba jari ne ya rike shi, aka sayar da filaye da gine-ginen asibitocin aka dawo ana biyan haya a kansu, a watan Mayun 2024 ya durkushe da asibitoci sama da 30 a hannunsa, biyu a jihar Massachusetts aka rufe su gaba daya. Shi yasa duk da bana zuwa na bakin titin nan, kullum na wuce ina masa addu'ar Allah ya barshi a bude, saboda shi kadai ya rage da ake iya nunawa babban a ce to zamu koma can.

Maman yara yanzu tana aikin taimakon nas, kuma a ina? A wajen masu shudin allon, don kusan babu wani wajen. Bara ta nemi karin albashi suka ce babu hali, da can in ka ji haushin wannan sai ka tsallaka wancan, yanzu kusan duk inda ta tsallaka a garin mai gida daya ne.

Yanzu duk abinda ba gaggawa ba sai na tambayi lambar aikin, in kira wuri uku, in tambaya ko akwai kudin gini, gwajin jinina ma can garin dan Kumasi nake yi in hada da sayen naman halal. In gaggawa ce kuwa babu zancen tambaya, dokar 1986 ta hana su kore ka daga dakin gaggawa ko baka da sisi, zasu duba ka, takarda ta biyo baya. Watan jiya na gama biyan kashin karshe na haihuwar yaron da yanzu yake gudu yana fasa min kofuna. Ranar muna dawowa daga kai babbar wajen likitan hakori, wanda shi kadai ya rage mana mai zaman kansa a unguwar, sai muka ga mota mai tsani a kofar likitan idon da ke jikinsa, mutum biyu suna kwance tsohon allo, sabon yana jingine a kasa an rufe shi da leda amma gefensa ya fito, shudi. Maman yara ta kalle ni tace Abban yara gilashinka fa, nace ai kuwa, bari in kira su gobe da safe in ji ko za a duba ni kafin su gama daurawa.